Huhun Goro da Saƙon WhatsApp

Mu da muka tashi a Sabo mun san cinikin goro tun muna yara. Ba wanda zai ɗauki ƙwaya ɗaya daga saman huhu ya ce ya san abin da ke ciki. Sai an kwance ganye, an tona har ƙasa. Amma a shekarar 2021, lokacin korona, mun manta da wannan darasi, kuma saura kaɗan mu yi asarar rai.

Wani saƙo ne ya riƙa yawo a wayoyinmu, wai masana sun haɗa bincike 24 sun gano ivermectin na rage mutuwar masu korona da kashi 62 cikin ɗari. Maganin ba baƙo ba ne. Shi ne Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 don makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Muka ce ai bincike 24 ba wasa ba ne. Muka tura wa 'yan uwa, muka saya muka ajiye. Wani dattijon layinmu mai ciwon suga ya kwana biyar yana shan sa a ɗaki, numfashi na yi masa wuya, kafin a kai shi asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, amma ya jima a kan iskar oksijin.

Bayan ya warke ne wata 'yar unguwarmu da ke karatun lafiyar al'umma ta zauna da mu a ƙofar gida. Ta ce, "Kawu, saƙon nan ba ƙirƙirar sa aka yi ba, takardar ta fito da gaske. Matsalar tana cikin huhun."

Ta yi mana bayanin abin da ake kira meta-analisis, wato tattara bincike-bincike a kan tambaya ɗaya a fitar da amsa guda. Wani Ba'amurke, Gene Glass, ya raɗa masa sunan a 1976. Dalilinsa mai kyau ne: gwaji a kan mutum 40 na iya dacewa da sa'a kawai, amma in an haɗa gwaje-gwaje da yawa gaskiya ta fi fitowa. Sai dai ba ƙirga kawuna ake yi ba. Kowane bincike da nauyinsa, kuma babba ya fi ƙarami rinjayar sakamako.

To nan ne gizo ke saƙar. Cikin waɗanda aka haɗa akwai wani babba daga Masar da ya ce maganin ya rage mutuwa da kusan kashi 90. Wani ɗalibi a Landan ya duba bayanansa, aka tarar an maimaita bayanan wasu majinyata, wasu ma sun rasu tun kafin a fara gwajin. A Yulin 2021 aka janye shi. Da aka cire shi da wasu masu rauni irinsa aka sake lissafi, sai amfanin ya bi ruwa. Daga baya wani babban gwaji a Burazil, a kan mutum 1,358, ya fito a 2022 bai ga maganin ya hana kwanciya asibiti ba.

Wani cikinmu ya ce, "Ke nan duk binciken turawa shirme ne?" Ta ce, "A'a, Baba. Da irin wannan lissafi ƙungiyar Cochrane ta haɗa gwaje-gwajen gidan sauro mai magani, ta nuna yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan ɗaya cikin shida. Bambancin shi ne can an gwada a kan dubban yara, kuma an tace kayan kafin a ɗaure."

Tambayoyin da ta bar mana ba su fi ƙarfin kowa ba. Mutum nawa aka gwada gaba ɗaya? An raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, ko likita ne ya zaɓi wanda zai sha? Abu iri ɗaya aka haɗa, ko an cakuɗa daushe da sabon goro, masu ciwo kaɗan da waɗanda ke kwance rai a hannun Allah? In an cire bincike ɗaya, sakamakon na nan? Sannan ina waɗanda suka gwada ba su ga komai ba? Sau da yawa irin waɗannan ba sa fitowa, kamar yadda mai sayarwa ke tura ruɓaɓɓe ƙasa ya jera masu kyau a sama.

Abin da ya fi damun mu shi ne ba wani ne ya cuce mu ba, da hannunmu muka tura saƙon, da kyakkyawar niyya. Dattijon nan bai taɓa yi mana gori ba, amma mun san ta wayar wa ya samu.

Yanzu in saƙo ya zo da "masana sun tabbatar", sai mu riƙe shi tukuna, mu nuna wa yaranmu da suka yi karatun abin. In kuwa numfashin mutum ya fara sarƙewa, asibiti za mu nufa, a yi muhawarar daga baya.