Karen Maƙwabci da Ɗan Makaranta

Gardamar ɗaure karnuka ta raba unguwarmu gida biyu. Masu kare sun ce shi ne maigadinsu, in aka ɗaure shi ɓarayi sun sami sake. Mu kuwa malamai, yaran da ke sammakon makaranta muke jiye wa. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kuma da alamunsa sun bayyana, sai addu'a. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinsa, in kashi 70 cikin ɗari na karnuka suka samu, cutar takan yanke. To, kare ya yi gadinsa cikin gida, in zai fita a sa masa igiya, mai unguwa ya riƙa duba takardar allura. Wanda ya ƙi, hukuma ta kama karensa.