Gogen da Muka Bari a Ƙofar Gida

Mu Hausawan Kanvili mun tashi muna jin kukan goge daga gidajen maƙwabtanmu Dagombawa, ranar suna ko biki ko lokacin Damba. Da mun leƙa, sai iyayenmu su ja mu ciki. A wurinsu goge kayan bori ne da gidajen shashanci, ɗan mutunci ba ya tsayawa kusa da shi. Haka muka girma, kunnenmu yana so, tarbiyyarmu tana hanawa.

Sai da muka manyanta muka lura cewa a cikin waƙoƙin masu gonje na Dagbon akwai baitocin Hausa tsantsa, gauraye da Dagbanci da Gurmanci. Ashe harshenmu ne yake fita daga wannan ƙwarya mai rufin fatar guza da tsagiyar doki. Abin da muke gudu a gida, shi ake karramawa a fadar Ya Na a Yendi, inda mai goge yake da sarauta da mazauni kusa da sarki.

Wannan kiɗa ya yi tafiyar da yawancinmu ba mu yi ba. Marigayi Salisu Mahama ya kai shi Jami'ar Gana da ke Legon, ya koyar da shi a can. Ɗalibarsa Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje, ta wallafa littafi a 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagombawa. A 2001 an fitar da faifan masu gogen Dagbon a Amurka, wanda John Chernoff ya naɗa. King Ayisoba, ɗan yankin Bongo, ya zagaya Turai da kologo mai tsirkiya biyu. A Nijeriya kuwa, Ɗan Maraya Jos ya shiga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, har ya rasu a 2015 yana da daraja.

Su Turawa, makaɗa huɗu sukan haɗu da gogensu, su shekara talatin suna yawon ƙasashe, jama'a na sayen tikiti su zauna tsit suna saurare. Irin wannan ƙungiya ta Kronos, daga Amurka, ta kaɗa waƙar Obo Addy ɗan Gana a faifanta na 1992.

Ba mu ce iyayenmu sun yi kuskure a komai ba. Sun ga abin da suka gani a zamaninsu. Amma yau 'ya'yanmu suna jin Dagbanci da Turanci fiye da Hausa, kuma tsofaffin da suka haddace waɗancan baitoci suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan suka tafi, sai mu nemi kalmomin kakanninmu a ɗakin ajiyar wata jami'a a ƙetare.

Kowannenmu yana da waya a aljihu. Mu je mu gaishe su, mu nemi izini, mu naɗa, mu tambayi ma'ana, mu rubuta. Allah Ya ba mu ikon yi tun suna raye.