Na zana unguwa guda, na manta da Kawu

Yau ku ɗan yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo.

Wannan zangon, aikin da aka ba mu a ajin tsara birane shi ne kowa ya zana sabuwar unguwa a gefen tashar jirgin ƙasa ta Moniya, nan bayan garin Ibadan, wadda aka ƙaddamar tare da layin Legas zuwa Ibadan a 2021. Sharaɗin shi ne gidaje da shaguna da ofisoshi su zauna a cakuɗe, duk cikin mita 800 daga ƙofar tasha, wato tafiyar kamar minti goma. Mutum ya sauka daga jirgi ya taka da ƙafa har gida.

Sati uku ina raba dare a gaban kwamfuta. Na jera benaye hawa biyar, shago a ƙasa, gida a sama. Ga bishiyoyi, ga hanyar keke, ga ƙaton filin ajiye motoci. Wallahi har ji nake kamar na gina Dubai.

Ranar gabatarwa malamarmu ta daɗe tana kallon zanen, sai ta ce: "Wanda ya sauka daga jirgin yamma, a ina zai sha shayi? 'Yan acaba kuma ina za su tsaya?" Na yi tsuru-tsuru.

Ba makin ne ya dame ni ba fa. Kawuna ya haura shekara ashirin yana sayar da shayi a Sabo, kuma da kuɗin shayin nan ya saya min fom ɗin mastas. Amma ni, da hannuna, na zana unguwar da ba shi da inda zai ajiye teburinsa.

Da daddare na je na same shi. Na ce, "Kawu, in aka ba ka shago a bene, za ka karɓa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mai shayi ba shago yake nema ba, sawun mutane yake nema. A ba ni inda ake wucewa, ruwa a kusa, haske da dare, sannan kada a zo a tashe ni."

Sai na tuna Sabon ma kanta ba ta rasa nasaba da dogo. Jirgi ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya bunƙasa, aka kafa Sabo a 1916. Masu ƙaramin jari ne ke fara raya bakin tasha tun kafin mai bene ya zo.

Na koma na yanke rabin filin motocin. Na sa rumfuna a jere a kan hanyar fita daga tasha, da famfo, da banɗaki, da wurin salla, da fitilu, da matsayar 'yan acaba da masu Keke. Na ƙara ɗakunan haya na mai ɗaki ɗaya. Kuɗin shigar da na lissafa wa unguwar ya ragu, kuma na san za a tuhume ni a kan haka ranar Alhamis. Na shirya.

Ku da kuke bi ta tashar Rigasa ko Idu, me kuke gani an manta da shi? Ku faɗa min kafin in miƙa. A sa ni a addu'a.