Akurki Mai Tafiya

Ya ku 'yan'uwanmu 'yan makaranta, muna so mu ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu, ko Allah ya sa wani ya ƙaru da shi. Mu uku ne a ɗakinmu, kuma tun da aka sa mu makaranta babu abin da ke saya mana littafi da alƙalami sai kajin Innarmu. In ta sayar da zakaru, a yi mana ɗinki, in kuwa kaji suka mutu, to, sai mu koma makaranta da tsohuwar riga. Saboda haka maganar kaza a wurinmu ba wasa ba ce.

Da fari kiwon sake mu ke yi, kamar kowa. Da asuba a buɗe akurki, a watsa musu tsaba, su bazama neman abinci. Kaza ta kwana 21 bisa ƙwai, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma ko sha biyu, amma kafin wata ya zagayo sai ka ga uku kaɗai ke bin ta. Shirwa ta ɗauki rabonta daga sama, muzuru da tunku su ɗauki nasu bayan danga. Ga kuma rigima da maƙwabta, don kaza ba ta san iyakar shukar wani ba.

Da abin ya ishe mu, sai muka killace su wuri guda, ba shiga ba fita. Ashe gudun gara muka yi, muka faɗa gidan zago. Damina na sauka wurin ya jiƙe, ya ɗau wari, ƙuma ta yi yawa, 'yan tsaki suka dinga kashi da jini, suna sake fukafukai, suna mutuwa.

Malaminmu na aikin gona shi ya nuna mana hanya ta uku. Ya ce manoman Ingila sun yi amfani da ita ƙwarai a shekarun 1930, watau a yi akurki marar daɓe, marar nauyi, wanda za a riƙa gusar da shi kullum zuwa sabon wuri. Da muka kai wa Kaka labari sai ya yi dariya, ya ce, "Ku yaran nan, ai wannan ba baƙon abu ba ne. Ba ku ga yadda Filani ke sauka a gona bayan girbi ba, su riƙa matsar da makwancin shanu har taki ya game ko'ina?"

Muka sami gora, muka ɗaura akurki mai tsawon ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 2. Muka kewaye shi da ragar waya har sama, muka rufe rabinsa da tsohon kwano, muka shimfiɗa zana bisa kwanon domin zafin rana. Ciki muka sa kaskon ruwa da na dusa, muka shigar da kaza ɗaya da 'ya'yanta 11. Kowace safiya biyu daga cikinmu su kama, su ja shi sannu sannu, na uku yana duba kada a take ɗan tsako. Sa'an nan mu tokare gefensa da duwatsu, don kada tunku ya sami kafa.

Dalilin gusarwar ga shi, kamar yadda Malam ya bayyana mana. Ƙwayoyin cutar da ke sa kashin jini cikin kashin kaji su ke fita, amma ba su iya kama wata kaza sai sun yi kwana ɗaya ko biyu a ƙasa mai laima. In an gusa kafin nan, an bar cuta a baya. Ba a kuwa komawa wurin da aka tashi sai ya daɗe ya sha rana. Har wa yau kullum kaji na samun sabuwar ciyawa da ƙwari, ƙasa kuma na samun taki. Wurin da akurkin ya bi, da muka bar kashin ya ruɓe, don ɗanyensa ƙona shuka ya ke yi, alayyafo da kuɓewa muka shuka, suka yi kyau har maƙwabta na tambaya.

To, ga inda muka yi kuskure, ba kuwa za mu ɓoye muku ba. Da jarrabawa ta matso, kowa ya riƙa cewa ɗan'uwansa ya je, akurki ya kwana shida wuri guda, ana ta ruwa. 'Yan tsaki huɗu suka mutu. Inna ba ta yi mana faɗa ba, sai ta ce, "Da ma akurkin ba shi da ƙafa, ƙafafunku ya ke ara." Wannan magana ta fi mana bulala zafi. Tun daga ran nan muka raba kwanaki, ba mu sake fashi ba, sauran bakwai kuwa duk suka girma.

Amma kada wani ya zaci akurki na maganin kome. Annobar nan da ke share kaji da hunturu, wadda aka sa wa sunan Niyukasil, garin Ingila da ta ɓulla a 1926, waya ba ta tare ta. Maganinta rigakafi, ana kuwa yin sa a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Sai a nemi malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda duk ya ke so ya gwada a hutun nan, ya fara da kaza ɗaya. Gora da waya ba su da wuyar samu, tashi kullum da safe shi ne aikin. Allah ya ba mu himma, ya sa albarka ga abin da mu ke kiwo, amin.