Kada Ki Sayar da Rikodarki

'Yar'uwa, da yawanmu nan Bebeji har Tiga da Tudun Wada an kai mu ɗakin miji da ƙatuwar rikoda mai sifika biyu. Yau kaset ya yi wuyar gani, sai ki ji mace na cigiyar dillaliya wai za ta rabu da ita. Haba, don Allah dakata.

'Yar MP3 mai cin memori kawai take buƙata. In za a sayo miki a Farm Centre ta Kano, ki ce a duba batiri mai riƙe caji, tunda wuta sai ta ga dama, sannan lallai da ramin iyafis. A ramin nan ake soka waya, ɗaya bakin mai kai biyu, ja da fari, a kai shi bayan rikoda inda aka rubuta AUX. Shi ke nan, Barmani Coge da ta rasu a 2013 ta dawo tsakar gida da kiɗan ƙwaryarta. Memori mai 8GB yana cin waƙa sama da 1,000, ga wa'azi ga karatu.

Ni dai ba na son iyafis a kunnen matar aure. Miya na ƙonewa, yaro na tsala kuka, maigida ya yi sallama uku shiru, ranar sai an kai ruwa rana. A sifika kuwa kowa ya ji abin da kike ji, har surukarki. Saboda haka in za a kai memorin wurin masu turi, rubuta musu abin da kike so a takarda. Yaran nan in aka bar su, abin da suka ga dama suke zubawa.