Neman mai zayyana daga Wurno zuwa Goronyo

Da hantsi motarmu ta bar Sakkwato, muka bi ta Achida, ba mu shiga Wurno ba sai da rana ta take. Warin tafarnuwa ne ya fara tarbarmu. Abokan tafiyata hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka nufa, shi da ya mai da garin ribaɗi, ya rasu a nan a 1837. Na bi su muka yi ziyara, amma ni mai zayyana nake cigiya.

Wani yaro ya kai ni zauren wani dattijo. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta malam, zayyana na zo gani." Bai ce uffan ba, ya jawo gafaka, ya kwance tadarishi, ya shiga ɗaga warƙoƙin Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen da yambari aka rubuta su, wasulla da jan tawada, hamza kuma ɗigon rawaya. A gefe, inda hizifi ya cika, ga da'ira mai ƙawa, sumuni da rubu'i kowanne da tasa alamar, har ɗalibi kan gane inda ya tsaya tun bai karanta kalma ba. Babu siffar mutum, babu ta dabba, sai layi da kusurwa da saƙa irin ta tabarma. Da ya ɗaga wata tsohuwar warƙa ga haske, sai ga jinjirin wata uku a jikinta: takardar Italiya ce da fatake suka ƙetaro Sahara da ita.

Na tambaye shi wa ya yi zanen. Ya ce wani almajirin kakansa ne, sunan ya ɓace. Abin ya tsaya mini a rai. Mun san Bello ne ya wallafa Infaƙul Maisuri, mun riƙe sunayen malamai da salsalarsu, amma mai ƙawata shafi ba mu ba shi ko layi ɗaya ba. A Beljiyam, Simon Bening na birnin Buruj, wanda ya rasu a 1561, littattafan ibada ya ƙawata, har yau ana kiran sunansa.

Daga Wurno muka biya Rabah, mahaifar Sardauna, amma ba mu jima ba. A Goronyo direba ya nace sai mun ga madatsar ruwan Rima. Muka gani. A hanyar dawowa na hangi yaro rungume da allon sauka, zayyanarsa ta sha kore da ja. Na tsayar da mota na tambaye shi wa ya yi masa. Ya ce babansa ne ya sayo a kasuwa.