Bakin Rijiya da Cikinta

A wani lambu na Jiratawa, cikin fadamar Gulbin Maraɗi, gardama ta taɓa tashi tsakanin dattijo mai lambun da wani mahaƙin rijiya da ya zo daga Tibirin Gobir. Bara ya haƙa masa rijiya mai faɗin baki mita 1, zurfinta mita 10. Bana dattijo yana son wata mai mita 2, zurfi ɗaya. Da yake mutum ne mai adalci, sai ya ce zai ninka ladan sau biyu. Mahaƙi ya girgiza kai, ya ce, "Baba, sau huɗu dai." Dattijo ya ɗauka cuta ce, har ya fara zancen neman wani.

Jikan dattijon, ɗalibi a wani kolej na Maraɗi, yana zaune yana saurare. Ya sha haddace ƙa'idar a aji da Faransanci, ya sha cin maki da ita, amma bai taɓa zaton tana da hulɗa da guga da igiya ba. Ya zana da'ira biyu bisa rairayi, ya lissafa: filin ƙaramar bai cika mita murabba'i 1 ba, 0,785 ne, na babbar kuwa 3,14. Ke nan ƙasar da za a fitar ta tashi daga mita kubik 7,85 zuwa 31,4. Mahaƙi bai san haruffan ba, kafaɗarsa ce ta riga ta ƙidaya gugunan.

Sai dai dattijo ma bai yi kuskure duka ba. Kewayen bakin sau biyu kawai yake ƙaruwa, daga mita 3,14 zuwa 6,28, don haka simintin da zai zagaye bangon, in kaurinsa bai sauya ba, kusan ninki biyu zai ci. Idonsa yana bisa baki, hannun mahaƙi yana cikin rami.

Harshe ma yana da nasa hannu a rikicin, kuma nan ne ya kamata malamai su tsaya. Bahaushe da kalma guda, faɗi, yake auna tsakanin gefe da gefe, da ita kuma yake yabon girman gona. Bafaranshe ya raba su: *diamètre* daban, *aire* daban. Yaron da aka koya wa rabuwar cikin harshen da ba ya mafarki da shi, yakan bar ta a lakwal tare da alli. Alhali misalai sun cika gida: faifai, bakin tukunya, gindin rumbu, tiyon ban ruwa.

Tambayar kuwa tsohuwa ce. Wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Masar Ahmes ya kwafi lissafin rumbu mai zagaye: a cire kashi 1 cikin 9 na faɗin bakin, a ninka abin da ya rage da kansa. Uƙlidis na Iskandariyya ya tabbatar daga baya cewa da'irori suna bin murabba'in faɗinsu.

Dattijo ya daɗe yana duban zanen, sannan ya tambayi abin da mai mita ɗaya da rabi za ta ci. Yaro ya ce, "Kaka, sau biyu da kwata." A kan haka suka shirya, mahaƙi ya tafi ɗauko igiyarsa.